Ki Ce Na Yi Tafiya

Maigidana ya yi shekara ashirin da wani abu yana tuƙa manyan motocin fasinja, waɗanda muke ce wa kar, daga Yamai zuwa Damagaram, wani lokaci har Difa. A tsawon shekarun nan na saba da zama ni da yara, na saba da haɗa guzuri, na kuma saba da amsar da nake bai wa duk wanda ya yi sallama a ƙofa yana nemansa: ya yi tafiya. Na faɗe ta har ba na jin nauyinta a baki, domin gaskiya ce.

Tansiyo ce, wato hawan jini, ta kayar da shi, wata safiya yana alwala a tsakar gidanmu na unguwar Bobiel a Yamai. Allah ya taƙaita abin, bai daɗe a kwance ba. Bakinsa ya koma daidai, magana ta dawo, sai dai ƙafar hagu da ta riƙa ja, da hannun hagu da ke rawa idan ya gaji. Lokotoro, wato likita, ya faɗa masa a gabana cewa ya gama ɗaukar rayukan mutane a mota. Bai yi gardama ba. Ya ce to, muka dawo gida.

Da farko gidan ya cika da masu dubiya. Direbobi, maƙwabta, ƴan garinmu na Maraɗi, kowa da ledar lemo ko ayaba. Na lura cewa duk wanda ya ce masa sannu, ya jiki, sai ya ƙara janye ƙafar nan ƙarƙashin riga. Da masu dubiya suka ragu, shi ma sai ya rage fita. Ya bar zaman bakin titi da yamma. Daga baya ya bar masallacin unguwa, ya ce tsayuwa tana ba shi wuya, a ɗaki zai riƙa yi. Juma'a kaɗai yake fita, ya isa ana shirin tayar da salla, ya dawo kafin a fara gaishe-gaishe.

Maƙwabcinmu na jikin katanga mutumin Dogon Dutsi ne, Kirista, tsohon malamin lakwal, makarantar boko, da ya koyar da labarin ƙasa har ya ajiye aiki. Mushe muke ce masa, kalmar faransanci da ake kiran malaman boko da ita, kamar yadda duk unguwa ke ce masa. Shi kaɗai maigidan bai guje wa ba, wataƙila don bai taɓa tambayarsa ya jiki ba. Zancen hanya suke yi: wane gari ne ke bin wane, ina gudro, wato kwalta, ya lalace, ina ake samun ruwa. Wata Lahadi bayan ya dawo daga coci, Mushe ya shigo rungume da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da ɗansa ya bar masa, ya ce akwai wani abu a ciki da shi ba ya da haƙurinsa, amma direba zai iya. Jirgin sama ne ake tuƙawa a ekran. Ba wasan harbe-harbe ba ne irin na yara. Gaban jirgi ne sak, da agogunansa da maɓallansa, ga duniya shimfiɗe a ƙasa, kowane gari a inda Allah ya ajiye shi. Bayan ƴan makonni Mushe ya samo masa sitiyarin abin a cikin kayan gwanjo a kasuwa, wani baƙi mai ƙaho biyu, suka ɗaure shi a bakin tebur a ɗakin da ƴarmu ta bari da ta yi aure.

Ni ce na riƙa karanta masa faransancin da ke jiki a kwanakin farko, tunda na yi kolej, shi kuwa karatunsa na allo ne da na hanya. Daga nan ya laƙaba mini Malama. Bai ɗauki lokaci ba ya daina nemana. Ya koyi tashi, ya koyi sauka, ya fasa jirage da dama a filin Yamai, sannan ya bar ƙananan ya koma manya masu dogon zango.

Yana da ƙa'idojinsa, ba wanda ya ɗora masa su. Mushe ya nuna masa wani maɓalli da ke sa lokaci ya yi gudu, tafiyar wuni ta zama ta shan shayi. Ya ce a'a, hanya ba a yi mata haka. Idan tafiyar awa goma ce, awa goma zai zauna. Haka kuma duk inda ya sauke jirgi, nan jirgin zai kwana, daga nan kuma zai tashi gobe. Ba ya tsallake gari ya tsinci kansa a wani. Bayan asuba yake farawa, saboda an hana shi hana ido barci. Ya duba mai, ya duba iska, ya karanta addu'ar hawa abin hawa a bayyane, sannan ya tura.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, da zarar jirgin ya daidaita a sama, babu wani aiki. Inji ne ke riƙe da shi. Shi dai yana zaune, hannun dama a kan cinya, yana kallon agoguna, wani lokaci ya murɗa wani abu kaɗan. Ƙarar ba ta canzawa, kamar janareton maƙwabta daga nesa. Ina wanke-wanke ina jin ta, ina shara ina jin ta. Idan na kai masa abinci sai in tsaya in leƙa: gajimare, ko teku, ko yashi ja har ƙarshen gani. Fuskarsa kuwa na san ta. Ita ce wadda na gani sau ɗaya da na bi motarsa zuwa Maraɗi na zauna a bayansa, fuskar mutumin da ba ya tunanin komai sai abin da ke gabansa. Tun da ya faɗi ban sake ganinta ba sai a ɗakin nan. Shi ya sa ban taɓa cewa ya bari ba.

Idan lokacin salla ya yi yana barin injin da jirgin, ya yi sallarsa a gefe. Na ce masa, “Ka dai ji tsoron Allah, kar wata rana ka ce kai matafiyi ne ka yi kasaru.”

Ya ce, “Malama, da zan tambayi liman, ina jin sai ya yi tunani kafin ya amsa.”

“Sai ka fita ka tambaye shi mana.”

Ya mayar da idonsa kan agogunan.

Ranar da aka fara ɗauke wuta yana tsakiyar teku, ina kusa. Ƙaramin batirin da ke ƙarƙashin tebur ya yi ta kuka, sannan ekran ya yi baƙi. Ban san lokacin da na yi salati ba, na ce mutanen da ke ciki fa? Ya dube ni ya ce babu kowa a ciki, kujeru ne. Na sani. Amma wunin nan raina bai yi daɗi ba. Shi kuwa washegari ya koma garin da ya taso, ya sake ɗauko hanyar daga farko.

A cikin wannan hali ne ya fara cewa, idan aka yi sallama a ƙofa, “Ki ce na yi tafiya.”

Na ce ba zan faɗa ba. Ya ce ai ba ƙarya ba ce, ga shi nan saman Masar, in zo in gani. Maganar ta tsaya mini a rai, har na tambayi malamarmu ta islamiyyar matan aure, ba tare da na ce gidana ba ne. Ta ce idan mai saurare zai tafi da abin da ba shi ne ba, to ko yaya aka lanƙwasa kalmar, an yi masa ƙarya. Daga nan na samu tawa amsar. Nakan ce, yana ciki, amma ba zai samu fitowa ba. Wasu su ce a gaishe shi, wasu su tafi ba su ce komai ba. A hankali sallamar ta ragu a ƙofarmu.

Yana da wa guda ɗaya a Yamai, tela ne a unguwar Wadata, shagonsa na kallon tashar mota. Shi ya ɗauko maigidan daga Maraɗi yana saurayi, ya kwana da shi a shagon, ya roƙa masa aikin aparanti, yaron mota, a wajen wani direba. Shi ya tsaya a matsayin uba da aka zo neman aurena. Yaya muke ce masa dukanmu, kuma ni har yau ban taɓa zama a kan kujera yana wurin ba. Tsakaninsu akwai wata al'ada da na tarar: maigidan ba ya barin Yamai sai ya tsaya a bakin shagon ya ce, Yaya, zan wuce. Ko fasinja sun cika suna jira, sai ya tsallaka titi ya faɗa. Yaya ba ya ma ɗago kai daga keken ɗinki, sai dai ya ce Allah ya kiyaye hanya, wani lokaci ya miƙa masa saƙo.

Wata Litinin cikin bazara, rana tsaka, na ji tsayuwar tsohon babur ɗinsa a ƙofa. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar dogon yaro, na kawo ruwan sanyi, na gaishe shi, sannan na shiga ɗaki.

“Yaya ne.”

Bai juyo ba. “Ki ce na yi tafiya.”

“Yaya fa na ce.”

“Na ji, Malama. Ki ce na yi tafiya.”

Na fito a hankali, ina neman abin da zan faɗa ban samu ba. Amsar da nake ba sauran mutane ba ta Yaya ba ce. Na durƙusa a gefen tabarma na ce, “Yana ciki, Yaya. Ya ce in ce muku ya yi tafiya.”

Yaya ya ajiye kofi. Ya san da zancen jirgin, yara sun gaya masa. Ya saurari ƙarar da ke fitowa ta taga na ɗan lokaci.

“To, ina ya nufa?”

“Ƙasar Sin, Yaya. Gwanju.”

“Inda ƴan kasuwa ke sayo mana yadi.”

“Nan ne.”

“Yau ya bar Yamai?”

“A'a, jirgin ya kwana biyu da barin gida. Ya bi ta Masar, ya bi ta Dubai.”

Ya jinjina kai. “Ikon Allah. Tun yana aparanti, ko Dosso za shi sai ya biyo ya ce Yaya zan wuce. Yau ga shi har Sin, ni ban ji ba.”

Sai ya gaya mini abin da ya kawo shi. Idonsa ya ƙi. Zare ba ya shiga allura sai wani ya sa masa, kuma kwanan baya ya yanka shaddar wani ba daidai ba. Ya bar wa wani shagon, zai koma Maraɗi wajen ƴaƴansa, komawa ta gaba ɗaya. Motar Alhamis da safe zai bi.

Ya ce, “Tawa sallamar na zo yi. Babba ya zo wajen ƙarami, ba haka aka saba ba, amma na ce mai ciwo ne. Tunda kuwa matafiyi ne, idan ya dawo ya san shago. Idan bai dawo ba, ki ce masa na wuce.”

Na roƙe shi ya jira abinci, shinkafa ta kusa. Ya ce a ƙoshe yake. Sai da ya buga babur ɗin sau da yawa kafin ya tashi, ni kuwa ina tsaye a ƙofa ina fatan kada ya tashi.

Na shiga na faɗa wa maigidan duka, kalma da kalma. Ya saurara har ƙarshe, bai juyo ba. Sannan ya ce, “Bari in sauka.”

Ya sauka dab da magariba. Muna cin abinci ya ce, “Gobe zan juyo.”

“Ka juyo ina? Ga taksi nan a bakin gudro, kafin ka gama shan shayi kana Wadata.”

“Jirgin yana Gwanju. Ba a barin mota a daji a taho gida.”

“To kira shi a waya.”

“Ba a yi wa Yaya sallama a waya. Ko na kira ba zai ɗauka ba.”

Nan gaskiya ya faɗa. Ya lissafa mini hanyar: Talata daga Gwanju zuwa Istanbul, Laraba daga Istanbul zuwa Yamai, zai sauka kafin la'asar, ya yi wanka ya tafi. Na san ba jirgin ne ya riƙe shi ba, amma na ga cewa idan na matsa zai ƙi gaba ɗaya, alhali wannan hanyar, ko da doguwa ce, Wadata ta nufa. Na ce Allah ya kai mu.

Talata ya wuni a sama, ni kuma na wuni a madafa. Na soya wa Yaya kaji biyu har suka bushe yadda ba za su lalace a hanya ba, na daka yaji, na ɗaure masa dabino. Duk lokacin da fanka ta ɗan yi sanyi sai in tsaya in saurara. Wuta ba ta ɗauke ba. Ya isa Istanbul.

Laraba ya tashi bayan asuba. Na leƙa da hantsi yana saman teku, na leƙa da azahar ya shiga hamada. Ya nuna mini da yatsa ya ce ga iyakar ƙasarmu nan gaba kaɗan. Ina ninke masa farar rigarsa ta Juma'a sai fanka ta tsaya. Batirin ya fara kukansa. Na tsaya da rigar a hannu ina roƙon Allah a dawo da ita, kamar wadda ɗanta ke cikin jirgin. Ba a dawo da ita ba. Kukan ya yanke, gidan ya yi shiru.

Da na shiga yana zaune yadda yake, yana kallon baƙin ekran. Ya ce, “Sai gobe ke nan. Daga Istanbul.”

“Gobe Yaya yana hanyar Maraɗi.”

Na fita, na ɗebo ruwa a randa cikin kwanon shansa, na dawo na durƙusa a gabansa yadda nake yi duk lokacin da ya dawo daga Damagaram da ƙura a gira. Na miƙa masa da hannu biyu na ce, “Sannu da zuwa. Ya hanya?”

“Ban sauka ba, Malama.”

“Ranar da motarka ta lalace a Dosso, kwana ka yi a gindinta, ko wata ka shiga ka iso?”

“Wannan daban.”

“Karɓi ruwan dai, hannuna ya gaji.”

Ya karɓa. Ya riƙe kwanon bai sha ba. Ya ce, yana kallon ruwan, “Shagon yana bakin tasha. Babu wanda bai san ni ba a wurin. Za su tashi su ba ni kujera. Wanda na koya wa tuƙi zai kama mini hannu in tsallake kwata.”

Na ce, “To su ba ka. Tsofaffi nawa ka tayar wa samari daga kujerar gaba? Ka taɓa raina ɗaya a cikinsu?”

Ya sha ruwan. Ya ce in kawo rigar.

Tare muka tafi, ni da ƙullin guzuri a cinya. Tun daga Bobiel yake gyara wa mai taksi tuƙi, yana ce masa ya daina hawa kan burki, har mutumin ya ce, “Baba, ko za ka karɓa ne?” Ya ce da ya karɓa da tuni mun isa. Wadata tana nan yadda take da la'asar, masu turin kaya da babura da hayaƙi, kowa yana neman hanya a jikin kowa. Ba mu yi taku kaɗan ba aka gane shi. Wani ya ƙwala masa kira daga saman mota, wasu suka taso daga wajen mai shayi. Da muka zo kwatar da ke gaban shagunan, wani ƙato mai furfura a gemu ya miƙo hannu yana cewa maigida, a hankali. Na ga ya dubi hannun. Sannan ya kama, ya tsallake, ya ce masa, “Har yanzu kana cin kuloshi, ko ka koyi tuƙi?” Aka yi dariya.

Shagon Yaya babu komai a ciki sai benci da buhu biyu, da kan keken ɗinki da aka naɗe cikin tsohon bargo. Yana zaune a bakin ƙofa da carbi. Sai da muka zo dab da shi ya gane mu.

“A'a, mutanen Sin. Saukar yaushe?”

Maigidan ya durƙusa da ƙyar, ƙafar hagu a miƙe gefe. “Ban sauka ba, Yaya. Wuta ta ɗauke.”

“To ni da wa nake magana?”

“Da ƙaninka.”

“Ƙanena da ya je Gwanju ya dawo hannu biyu. Ko yadi ɗaya.”

Na ajiye ƙullin a gaban Yaya. Ya shafa shi, ya sunsuna, ya ce wannan ba daga Sin ya fito ba, ya san hannun mai shi, Allah ya yi mini albarka. Sai na ja baya na zauna a kan buhu, domin maganar da ta rage tasu ce. Na ji maigidan ya ce, “Yaya, ka yafe mini.” Yaya ya ce, “Tashi ka zauna a benci, ƙasa ba ta yi maka ba. Ni ma ka yafe mini. Na daɗe ban zo ba, ina cewa kai za ka zo.” Suka zauna tare a bencin, kowa yana kallon titi.

Can maigidan ya tambayi wace mota Yaya zai bi, wa zai ja ta. Da aka faɗa masa ya ce a kira masa direban. Ya sa aka canza wa Yaya kujera daga kan taya zuwa gaba, ya ce kan keken ba zai shiga ƙasa cikin buhunan albasa ba, a samo kwali. Ya kwance ɗaurin da aka yi wa bargon, ya ce wannan kafin Birnin Ƙonni ya saki, ya sa wani ya riƙe masa bakin igiya ya sake ɗaurewa da hannunsa na dama. Yaya yana zaune yana cewa a bar shi, haka yake tun yana yaro.

Magariba ta same mu a can. Suka bi sahun da ake yi a gaban shaguna, maigidan a zaune a ƙarshen sahu, Yaya a gefensa. Ni na yi tawa a cikin shagon, kusa da kayan.

Washegari tun da asuba ya koma tasha shi kaɗai, bai bari na raka shi ba. Ya tsaya har motar ta tashi, sannan ya zauna wajen mai shayi, bai dawo gida ba sai da hantsi. Ya ce Yaya ya samu kujerarsa, kwalin ma ya ga inda aka sa shi.